Ƙafar da Ba Ta San Kaushi Ba

Daga Maraɗi Sallau ya zo min da shi,
a naɗe kamar tabarma, cikin bututun kwali.
Ya ce, "Zanen wani Bafaranshe ne, ya daɗe da kwanta dama.
Na ainihin yana can ƙasarsu, har da masu gadi.
Wannan inji ne ya haife shi,
shi ya sa kuɗinsa bai kai na 'yar tunkiya ba."

Na kai shi Ƙofar Ƙaura wurin mai firam,
ya yanka katako, ya shafa masa ruwan zinari.
Na biya rabi, saura sai wata ya mutu.

Yarinya ce zaune a kan dutse, bakin rafi,
kwandon inabi a cinyarta,
ƙanenta ya yi barci a kafaɗarta, baki buɗe.
Rigarta ta yage a gwiwar hannu,
amma yagewar ma da tsari aka yi ta.
Bayansu sama ta haɗa hadarin da ba zai taɓa zuba ba.

Ni mai fenti ne.
Shekara talatin ina shafe bangon mutane
daga Rafindadi har Ƙofar Sauri,
na san sawun buroshi
kamar yadda maharbi ya san sawun zomo.
Na sa tabarau, na matsa har hancina ya taɓa gilashi,
na nemi inda hannun mutumin nan ya bi.
Babu.
Ya wuce ya share sawunsa.
Inda haske ya ƙare a kuncinta, inda inuwa ta soma,
ba ka iya sa yatsa ka ce ga iyaka.
Jijiya shuɗiya ƙarƙashin fata, siririya kamar zaren ɗinki.
Na ce, gwani, ko a ina kake kwance, na sara maka.

Malam Ilu ya shigo, ya duba, ya yi gyaran murya.
Ya ce, "Ba dai a bangon gabas ba, Ɗayyabu."
Na ce gaskiya ne.
Na zare ƙusa, na mai da shi yamma, kan rediyo,
nesa da inda nake shimfiɗa buzu.

Sai Inna Tabawa, da sandarta.
Ta daɗe tana kallo, ido ɗaya a runtse.
"Talaka ce, ka ce?"
Na ce haka Sallau ya faɗa, 'yar manoma ce.
"To dubi diddigenta.
Ba faso, ba kaushi, ba ko ƙayar ƙaranƙiya.
Wannan ƙafa ba ta taɓa zuwa rijiya ba.
An cuce ka, ka sayi ƙarya da ruwan zinari."
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Kwana uku ban kalli bangon ba.

Ran Alhamis da la'asar, an ɗauke wuta,
rana ta leƙo ta taga ta faɗa kan firam ɗin.
Na dawo aiki, fenti har gira,
na iske Inna tsaye ita kaɗai,
yatsanta a kan gilashi, daidai tafin ƙafar yarinyar.
Ba ta juyo ba, ta ce,
"Na sake tunani.
Ya ga kaushin. Mai ido irin wannan ba ya rasa gani.
Tausayinta ya ji, ya cire mata."

Na sunkuyar da kai.
Ga ƙafafun Inna cikin silifas,
diddige a tsattsage kamar fadama da rani,
shekara saba'in na itace, na tulu, na kasuwar Yar Kutungu.
Ni da nake rufe tsagar bangon kowa
ban taɓa ganin wannan ba.

Ban wanke hannu ba na fita.
Mai kanti ya ce, "Yau kuma wane launi?"
Na ce, "Man kaɗanya.
Babban gwangwani."